Aiki daga gida a Quedlinburg: tambayoyin da masu shirin ƙaura ke yawan yi

Mafi yawan masu waɗannan tambayoyi mutane ne da aikinsu ke cikin kwamfuta, haya ta ishe su a Berlin ko Hamburg, suka fara leƙen ƙananan garuruwan Jamus masu tsohon tarihi. An ɗauki Quedlinburg ne a nan domin amsa ta fi fitowa idan aka kama gari ɗaya aka bi shi lungu-lungu. Dokokin da suka shafi biza, haraji da haya dai na ƙasar ne gaba ɗaya.

Wane irin gari ne Quedlinburg?

Ƙaramin gari ne a jihar Sachsen-Anhalt, a gindin tsaunukan Harz ta arewa, kogin Bode ya ratsa shi. Mutanensa sun ɗan haura dubu 20. A 1994 UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya, musamman saboda gidajensa na katako da laka, kimanin 2,000, waɗanda Yaƙin Duniya na Biyu bai cinye ba. Jamusawa na kiran irin wannan gini Fachwerk: a kafa ƙwarangwal na katako, a cike tsakaninsa da laka ko bulo. A kan tudun dutsen da ke kallon garin akwai cocin St. Servatius, inda aka binne Sarki Heinrich na Ɗaya a shekarar 936. Matarsa Mathilde ta kafa gidan ibada na mata a wurin, kuma shugabanninsa mata ne suka riƙe garin da kewayensa sama da shekara 800.

Abin da ya fi shafar aljihunka tarihi ne na kusa. Garin yana cikin tsohuwar Jamus ta Gabas. Bayan haɗewar ƙasar a 1990 masana'antu suka rufe, matasa suka yi yamma neman aiki, gidaje suka zama kango. An kashe kuɗi masu yawa an gyara su, amma mutanen da suka tafi ba su dawo duka ba. Shi ya sa haya ke da sauƙi idan ka kwatanta da manyan birane.

Zan iya zuwa da bizar yawon buɗe ido in riƙa aikina a kwamfuta?

A'a. Bizar Schengen ta kwana 90 ce cikin kowane kwana 180, kuma ba ta ba da izinin aiki. Jamus ba ta da wata biza ta musamman ga masu yawo da kwamfuta, irin wadda Portugal da Sifen suka ɓullo da ita. Hanyoyin da aka saba bi su ne: kamfanin da ke Jamus ya ɗauke ka aiki, ka samu Blue Card (izinin zama na Tarayyar Turai ga masu babban ilimi) ko izinin ƙwararren ma'aikaci, ko ka nemi izinin mai sana'ar kansa a ƙarƙashin sashe na 21 na dokar zaman baƙi, inda za a so ganin shaidar kuɗin shiga da alamar cewa akwai masu buƙatar aikinka a cikin Jamus, ko kuma kana da izinin zama ta hanyar aure ko na dindindin, wanda ke barinka ka yi wa kowa aiki.

Inda gizo ke saƙa shi ne mutumin da kamfaninsa ke Legas, Landan ko Amurka, ba shi da reshe a Jamus. Albashin wannan kamfani kaɗai ba ya buɗe maka ƙofar izinin zama kai tsaye. Ko da kana da izinin ta wata hanya, kuɗin inshora da na fansho a Jamus za a biya su, sai kamfanin ya yi rajista ko ya bi ta hannun wani kamfani da ke ɗaukar ma'aikata a madadin wasu. Ofishin baƙi mai kula da Quedlinburg na gundumar Harz ne, wadda hedikwatarta ke Halberstadt, tafiyar 'yan mintoci a jirgin ƙasa.

Me zan fara yi da zarar na shiga gida?

Anmeldung, wato rajistar adireshi, cikin mako 2 da tarewa. Za ka je ofishin rajistar mazauna da fasfo da takardar da mai gida ya sa wa hannu cewa ka tare. A nan ƙaramin gari ya fi Berlin nesa ba kusa ba, domin ba sai ka kwana kana farautar ranar ganawa a intanet ba. Bayan rajista, idan sabon zuwa ƙasar ne kai, lambar harajinka za ta zo ta gidan waya. Za a kuma aiko maka da wasiƙar kuɗin rediyo da talabijin, Yuro 18.36 a wata kan kowane gida, ko kana kallo ko ba ka kallo.

Ka liƙa sunanka a akwatin wasiƙa tun ranar farko. Ɗan aike ba ya bin lambar ɗaki, suna yake bi, idan bai gani ba ya koma da wasiƙar. A fom ɗin rajista akwai gurbin addini: wanda ya rubuta Katolika ko cocin Furotesta na ƙasar zai riƙa biyan harajin coci, kashi 9 cikin 100 na harajin kuɗin shigarsa. Musulmi ba ya biyan wannan.

Gaskiya ne hayar tana da araha? Ina tarkon yake?

Tana da araha, amma kuɗin da ka gani a talla sau da yawa Kaltmiete ne, haya tsura. A kansa ake ɗora Nebenkosten: ruwa, shara, wutar matakala, galibi har da ɗumama gida. Jimillar ita ce Warmmiete, ita za ka tambaya. Wutar lantarki da intanet kai za ka ƙulla yarjejeniyarsu da kanka. Kuɗin ajiya, Kaution, doka ta hana ya wuce haya tsura ta wata 3, kuma kana da damar biyansa kashi 3. Wani abin da ke ba baƙi mamaki: gidaje da yawa ana ba da su babu kicin, sai bango da bakin famfo. Murhu, kwabar kwanuka da wurin wanke-wanke kai za ka saya.

Tarkon na gaskiya yana cikin lissafin ƙarshen shekara. Abin da kake biya duk wata na ɗumama gida ƙiyasi ne. Sau ɗaya a shekara za a karanta mita, a aiko maka da takardar cikon kuɗi. Wanda ke fita ofis yana rage hita da safe ya tafi. Kai kana zaune daga Oktoba har Afrilu, hita na ci dare da rana. Kafin ka sa hannu, ka roƙi mai gida ya nuna maka lissafin shekarar da ta wuce, ka kuma tambaya ko wanda ya tashi yini yake a gida.

Yaya zama a gidan da ya shekara 400 yake?

Daga waje gwanin sha'awa, kamar a zane. Daga ciki kuma sai ka saba. Silin gajere ne, dogon mutum zai sha karo da katako a makon farko. Daɓen a karkace yake a gidaje da yawa, har kujerar ofis mai taya kan gangara da kai ta nufi taga, sai ka shimfiɗa darduma ko ka sa ƙusa-ƙusan katako ƙarƙashin tebur. Matakala siriri ne, don haka ka auna shi kafin ka yi odar babban tebur. Tagogi ƙanana ne, lunguna kuma matsattsu, haske ba ya shiga sosai. Wanda zai yini gaban allo ya nemi hawa na sama ko ɗakin da ke kallon kudu.

Yawancin waɗannan gidaje suna ƙarƙashin dokar kare tsoffin gine-gine, Denkmalschutz. Ba ka da ikon canja taga, kafa dish a bangon gaba ko huda bango yadda ka ga dama. Dokar ta kuma ɗauke wa irin waɗannan gidaje wajibcin takardar da ke nuna yawan makamashin da gini ke ci, wadda a sauran gidaje dole mai gida ya nuna maka. Ma'ana ba ka da abin dubawa sai lissafin bara da aka ambata a amsar da ta gabata.

Sai maganar funfuna. Gida a rufe, mutum na numfashi a ciki yini guda, ana dafa tuwo, ana shanya kaya a ɗaki: danshi zai taru a kusurwa ya yi baƙi. Maganin da Jamusawa suka ɗauka kamar ibada shi ne Stoßlüften: a wangale tagogi gaba ɗaya minti 5 zuwa 10, sau biyu ko uku a rana, ko da ana dusar ƙanƙara. Barin taga a ɗan sage yini guda ba ya yin aikin, sanyaya bango kawai yake. Idan funfuna ta fito, abin da mai gida zai fara tambaya ke nan, kuma a kansa ake rigimar wa zai biya gyara. A ganinmu wanda aikinsa ke buƙatar natsuwa ya duba gidajen ƙarshen ƙarni na 19 da ke kewaye da tsohon gari, masu dogon silin da manyan tagogi. Da ƙafa zai shiga kasuwa cikin minti 10.

Intanet fa? Zai ɗauki taron bidiyo?

Ba a tambayar intanet ɗin gari, na adireshi ake tambaya. Gida biyu a layi ɗaya, wannan yana da wayar faiba, wancan yana kan tsohuwar wayar tarho. Ka sa cikakken adireshin a shafin Telekom, Vodafone ko 1&1 ka ga saurin da za su iya bayarwa, ka kuma duba Breitbandatlas, taswirar intanet ta gwamnati. Ka fi kula da saurin aikawa, domin shi ne ke riƙe hotonka a taro. Haɗa sabon layi kan ɗauki makonni, saboda haka ka yi oda da zarar ka sa hannu a takardar haya, ka tanadi data mai yawa a waya kafin nan.

Yarjejeniya yawanci ta wata 24 ce. Tun Disamban 2021, bayan wa'adin farko ana iya sokewa da sanarwar wata 1, kuma idan saurin bai kai abin da aka yi maka alkawari ba kana iya auna shi da manhajar hukumar kula da sadarwa, Bundesnetzagentur, ka nemi ragi. A cikin gida kuwa, bangon laka da dutse na shanye wayfai. Jawo waya daga rauta zuwa tebur ya fi duk wata dabara.

Akwai inda zan je in yi aiki idan gida ya ishe ni?

Kaɗan. Gidajen shayin tsohon gari na masu yawon buɗe ido ne, masu cin kek su tashi; tebura ƙanana ne, kuma da yawa suna rufewa da yamma. Ka sayi kofi ɗaya ka mamaye tebur awa 4 ranar Asabar, za ka ga fuskar mai wurin ta canja. Ɗakin karatu na gari ya fi dacewa da aikin shiru. Wuraren haya tebur na haɗin gwiwa sun fi yawa a Magdeburg da Halle, kuma wasu kan ware rana ɗaya a mako su je, su haɗa da cefane da sallar Juma'a (duba amsa kan salla da azumi).

Wa zan biya haraji, kuma ana rage mini wani abu don ina aiki a gida?

Da zarar kana da gidan zama a Jamus, duk kuɗin da ka samu a ko'ina a duniya ya shiga lissafin Finanzamt, ofishin haraji. Biyan kuɗin cikin asusun wata ƙasa ba ya canja komai. Ma'aikacin kamfani ana cire masa daga albashi. Mai sana'ar kansa zai cike fom ɗin rajista ta shafin ELSTER, a ba shi lamba, ya riƙa biya kashi-kashi sau 4 a shekara. Ka ware kuɗin haraji a wani asusu daban tun daga biyan farko, domin lissafin shekarar farko da kason shekara ta biyu sukan iso tare.

Tun 2023 ana rage Yuro 6 kan kowace ranar da ka yi aiki a gida, har kwana 210, wato Yuro 1,260 a shekara, ko da a teburin kicin kake aikin. Idan kana da ɗaki guda da aiki kaɗai ake yi a ciki, kuma shi ne cibiyar sana'arka, kana iya lissafa kason hayarsa. Masu aiki da kamfani ɗaya tilo a matsayin "mai zaman kansa" su yi hattara da abin da ake kira Scheinselbständigkeit: idan hukumar fansho ta ga cewa a zahiri ma'aikaci ne kai, za ta bi bashin gudummawar shekarun baya.

Idan na yi rashin lafiya fa?

Inshorar lafiya wajibi ce ga duk mazaunin Jamus. Ma'aikaci shi da kamfani suke raba kuɗin, mai sana'ar kansa shi ke ɗauka duka, kuma wannan na daga cikin manyan kuɗaɗen da zai riƙa fitarwa duk wata. Garin yana da asibiti, Harzklinikum, mai ɗauke da sunan Dorothea Erxleben, 'yar garin da ta zama mace ta farko da ta samu digirin likita a Jamus a 1754. Wahalar ita ce samun likitan unguwa, Hausarzt, domin a yankunan gabas likitoci da yawa sun tsufa, wasu kuma ba sa karɓar sababbin marasa lafiya. Ka nemi naka tun kana da lafiya. Da dare ko ƙarshen mako a kira 116117, idan abin gaggawa ne 112.

Yaya lokaci da ranakun hutu suke idan abokan aikina suna wani wuri?

Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogon Jamus ɗaya ne da na Najeriya da Nijar. A sauran watanni Jamus na gaba da awa 1. Ghana kuwa tana baya da awa 1 a hunturu, awa 2 a bazara. Hutu ya danganta da jiha: Sachsen-Anhalt na hutun 6 ga Janairu, wanda Berlin da Hamburg ba sa yi, da na 31 ga Oktoba, wanda Berlin ba ta yi, ita kuma Berlin na hutun 8 ga Maris. A ƙa'ida hutun inda kake zaune kana aikin ake bi, amma ka sa a rubuta maka a yarjejeniya. Ko ba komai ka san ranakun, don kar ka fita cefane ka tarar da ko'ina a garƙame.

Ina zan samu abincin da na saba da shi?

Shinkafa, albasa, tumatir, kaza da kifi suna nan a manyan kantuna irin su Aldi, Lidl, Rewe da Edeka. Ana cin kasuwa a dandalin Marktplatz a wasu ranakun mako, can ka riƙe tsabar kuɗi. Naman halal, attaruhu na gaske, kuɓewa, doya da manja kuwa sai kantunan Larabawa, Turkawa da 'yan Afirka a Magdeburg, Halle ko Berlin. Kuka, daddawa da yaji, wanda zai zo daga gida ake roƙo, ko a yi oda. Firiza mai girma ta fi kowane kayan ɗaki amfani a nan. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, sai gidan mai, wasu gidajen burodi da safe, da gidajen abinci.

Salla da azumi fa?

Garin yana can arewa sosai, rana na wasa da mutum. A Disamba takan fito bayan ƙarfe 8, ta faɗi wajen ƙarfe 4. Azahar, La'asar da Magariba duk suna faɗowa cikin kimanin awa 4, tsakiyar lokacin aiki. A nan mai aiki daga gida ya ci riba, domin dardumarsa na kusa da teburinsa. Sai dai ya toshe waɗannan mintoci a kalandar aiki kafin a cika su da taro. A Yuni kuma rana ba ta faɗuwa sai bayan 9 da rabi na dare, shafaƙi ba ya gama ɓacewa kafin alfijir ya keto, shi ya sa masallatai ke bin ƙiyasi wajen tsayar da Isha'i da Asuba, jadawalinsu kuma yakan saɓa. Ka kama na masallaci ɗaya ka bi.

Azumi a 'yan shekarun nan yana faɗowa ƙarshen hunturu, yana kuma ƙara matsawa cikinsa, don haka yinin gajere ne. Abin da ke da nauyi shi ne buɗa-baki kai kaɗai, babu kiran salla, babu maƙwabcin da zai aiko da kunu. Magdeburg da Halle suna da manyan al'ummomin Musulmi da masallatai, can mutane da yawa ke zuwa Idi.

Ba zan mutu da kaɗaici ba?

Wannan ce tambayar da ya kamata a fara da ita, ita ce kuma ake barin ta ƙarshe. Wanda ke zuwa ofis yana da abokan gaisawa ko bai so ba. Kai kana iya yin kwana 3 a Nuwamba ba ka yi magana da kowa ba sai mai kanti. Mutanen yankin ba sa saurin sakin fuska, ba a kuma faɗo wa mutum gida babu sanarwa. Hanyar shiga cikinsu ita ce Verein, ƙungiya: ta ƙwallon ƙafa, ta waƙa, ta masu hawan dutse, ko 'yan kwana-kwana na sa-kai, waɗanda kullum suke neman hannu. Ka je sau ɗaya, baƙo ne kai. Ka yi wata 6 kana zuwa a kan lokaci kana taya ɗaukar kujeru, ranar da ba ka zo ba za a tambaya.

Jamusanci dole ne. Tsofaffin garin Rashanci aka koya musu a makaranta, Turancinsu kaɗan ne, kuma su ne masu gidaje da maƙwabta. Makarantar manya ta gunduma, Volkshochschule, na koyarwa da rahusa. Sannan ka fita da rana tsaka ko na rabin awa ne a hunturu. Hawa tudun Münzenberg ka hango rufin garin ya wadatar, ranar hutu kuma kwazazzabon Bode da ke Thale yana nan kusa.

Baƙar fata zai zauna lafiya?

Ba za mu shafa maka mai a baki ba. Baƙi ba su da yawa, za a kalle ka, wani kallon na mamaki, wani na ƙi. A zaɓen tarayya na 2025 jam'iyyar AfD mai adawa da baƙi ta samu sama da kashi 1 cikin 3 na ƙuri'un Sachsen-Anhalt, kuma a Satumban 1992 an yi kwanaki ana kai wa gidan masu neman mafaka hari a Quedlinburg ɗin kanta, inda wasu 'yan garin suka tsaya a gaban ginin don kare shi. Iri biyun nan na mutane duk suna nan har yau. Tsakiyar gari ta saba da baƙin ido daga ko'ina, da rana ba a cika samun matsala ba. Tashar jirgi da dare da ranakun da aka sha giya aka cika su ne wuraren lura. Zuwa da kai ya fi saƙo: ka kama ɗaki na mako 2 ko 3, a Nuwamba ba a Yuli ba, ka shiga kanti, ka hau bas, ka ji yadda jikinka ya ba ka.

Ina da yara. Garin zai dace da su?

Ta wannan fuska jihar tana da kyau: yaro yana da haƙƙin gurbi a gidan raino, Kita, tun daga haihuwa, kuma samun gurbin ya fi sauƙi a kan manyan birane. Zuwa makaranta wajibi ne daga kimanin shekara 6, doka ba ta yarda da koyar da yaro a gida ba, ba ta kuma yarda ka ɗauke shi ku tafi Kano ko Zinder ana tsakiyar zango ba sai da izinin makaranta. Yara sukan riga iyaye kama harshen, iyayen abokansu kuma su ne galibi mutanen farko da za su gayyace ka gida.

Sai na sayi mota?

A cikin gari ƙafa da keke sun isa, ko da yake duwatsun da aka shimfiɗa a lunguna suna wahalar da keken jarirai da akwati mai taya. Jirgin ƙasa na zuwa Magdeburg ta Halberstadt cikin awa 1 da 'yan mintoci, Berlin kuma wajen awa 3. Tikitin Deutschlandticket, wanda ya fara a Yuro 49 a 2023 ya koma 58 a 2025, yana ɗaukar ka a duk bas da jiragen yanki na ƙasar, ban da jiragen dogon zango, ICE da IC. Idan kamfani na so ka leƙo ofis sau ɗaya a wata, babu damuwa. Sau biyu a mako kuwa arahar hayar ta tafi a hanya. Lasin tuƙi na Najeriya ko Nijar wata 6 kawai yake aiki bayan ka tare, daga nan sai ka ci jarrabawar rubutu da ta tuƙi a nan. Mai tafiya gida ya lissafa yini guda na isa filin jirgin Frankfurt ko Berlin.

Me ke haɗa sabon zuwa faɗa da maƙwabta?

Hayaniya ce kan gaba. Daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne, haka ma Lahadi gaba ɗaya. Daɓen katako na kai sauti ƙasa, don haka mai taro da Amurka da tsakar dare, ko mai doguwar hira da 'yan uwa a lasifikar waya, ya sa abin kunne ya rage murya. Shara ana raba ta: takarda daban, robobi da gwangwani daban, ragowar abinci daban, kwalabe a kai su manyan akwatuna gwargwadon launi. Gorar ruwa da gwangwanin lemo masu alamar Pfand ana mayar da su kanti a karɓi santi 25 kan kowanne. Ka karanta takardar haya da kyau a kan dusar ƙanƙara, domin sau da yawa masu haya ne ke karɓa-karɓar share gaban gida da sassafe, kuma idan wani ya zame a makonka kai za a nema. Inshorar Haftpflicht, mai biyan ɓarnar da ka jawo wa wani, mai 'yan Yuro kaɗan a wata, don irin wannan aka yi ta.

Tun da kai ne kullum a gida, masu kawo kaya za su gano ka cikin mako guda, su mai da zaurenka ma'ajiyar kwalayen layin. Ka karɓa. A ƙarshen makonnin Advent kafin Kirsimeti, lokacin da ake buɗe farfajiyoyin tsoffin gidaje ana kasuwa, lunguna kan cika maƙil da baƙi, wasu har su manna fuska a tagar hawa na ƙasa suna ɗaukar hoto. Wanda teburinsa ke bakin taga ya sayi labule kafin Disamba.